Noti Takwas na Kurma

Kurma ba kurma ba ne. Kunnensa ya fi na kowa a layin gareji. Sunan ya bi shi ne saboda notin konrod, sandar nan da ke haɗa fistin da kirankin inji. In ya zo ɗaure su, ko mahaifiyarsa ce ta yi sallama ba ya amsawa sai ya gama.

Shekara ashirin da biyu rumfarsa na jingine da ta amininsa, mai walda. Mai walda bai taɓa buɗe inji ba, amma ya haddace aikin don yawan gani. Kurma zai wanke zaren noti, ya ɗiga masa baƙin mai, ya murza da yatsa har ya zauna. Sai ya ɗauko sifana mai awo, wadda yake naɗewa a tsohon zanen matarsa. Ɗauri biyu yake yi: rabin awo ga wannan, rabin awo ga ɗan'uwansa, sannan ya dawo ya cika har sifanar ta ce ƙas. Daga nan ya juya kiranki da hannu ya ji ko yana tafiya sumul.

"Noti ɗaya ya saki, konrod zai huda inji ya leƙo waje," yakan ce wa mai walda. "Kai ai a wuta kake cin abinci, me ka sani?"

'Ya'yansa huɗu, duk mata, kuma kowacce ta iya riƙe masa fitila tun tana ƙarama. Takalminsa ɗaya, ya sha ɗinki har mai gyaran takalmi ya daina karɓa.

Ranar Talata da hantsi yana kwance kan kwali a ƙarƙashin wata bas, ƙafafunsa kawai ake gani. Mai walda ya zo da shayi kofi biyu ya yi sallama. Shiru. Ya taɓa tafin ƙafarsa da takalmi.

"To sarkin noti, in ka gama ibada ga shayi."

Ya ajiye ya tafi. Mai faci ya gaishe shi ya wuce. Direban bas ɗin ya leƙo, ya yi dariya, ya koma inuwa. Sai da shayin ya huce ƙudaje suka yanyame kofin, sannan mai walda ya durƙusa ya leƙa. Sifanar na kan ƙirjin Kurma. Idonsa a buɗe, yana kallon injin.

Mai walda bai san ya yi ihu ba, sai gani ya yi layin ya cika. Likita ya ce zuciya ce, ya ce ko da an gani da wuri ba lallai ne ya rayu ba. Mai walda ya ji, amma maganar ba ta shiga ba. Mutumin da ya taɓa da takalmi ya yi wa tsiya, ashe ya riga ya tafi.

Bayan kwana huɗu direban ya dawo, ya yi gaisuwa, sannan ya ce a taimaka, jibi zai ɗauki ɗaliban wata makaranta. Ƙanin Kurma, wanda shi ma bakanike ne magidanci, ya shiga ƙarƙashin bas ɗin ya lallatsa notin da yatsa.

"Yaya ya gama. Duk takwas a ɗaure suke. Kwanon mai kawai zan mayar."

"Kar ka rufe," in ji mai walda.

"Baba, da girmanka, wannan ba ƙofar ƙarfe ba ce," in ji ƙanin.

"Na sani. Wa ya ji ƙas ɗin ƙarshe? Kai? Ni dai ban ji ba."

"Haba Malam," direban ya ce, "aikin Kurma ne fa. Shi za a bincika?"

"Aikinsa ne in ya gama. In ta fashe da 'ya'yan mutane a hanya, sunan wa za a kira? Ga shi ba ya nan balle ya kare kansa."

Mai walda ya ɗauko sifanar da kansa ya miƙa wa ƙanin.

Na farko ya ce ƙas. Na biyu, na uku, na huɗu, na biyar, duk ƙas. A na shida sifanar ta tafi, ta ci gaba da tafiya, kamar mai murɗa famfo. Na bakwai da na takwas kuwa da yatsa kawai aka zaunar da su.

Ƙanin ya fito fuskarsa duk mai, ya zauna a ƙasa daɓas.

"Innalillahi. A nan ya tsaya ke nan."

Direban ya cire hularsa yana kallon kujerun bas ɗin ta taga, bakinsa a buɗe. Can ya ce, a hankali, "Ku kwance su duka ku sake daga farko. Zan kira makarantar in ce su nemi wata mota."