Tagar da Aka Rufe da Zane

Cocin da muke haya a unguwar Glenwood, a Amurka, wani Ba'amurke ne ya tsara gininsa tun yana saurayi. Mutanen da ya gina wa sun tsufa, wasu sun rasu, wasu sun koma garin Pleasant Garden, aka bar mana ginin, mu 'yan arewacin Najeriya. Duk Lahadi tsohon yakan zo ya zauna a bencin ƙarshe, kusa da ni. Can nake zama don ba ni da kowa a garin, mijina da yarana suna Kaduna.

Akwai wata doguwar taga bayan bagadi. Haskenta yana kashe rubutun waƙoƙin da majigi yake nunawa a bango, sai matan coci suka rufe ta da zanen zumuntarsu. Wata rana na ga tsohon ya ƙura wa zanen ido, na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce ya auna tagar ne domin haske ya sauka a kan amarya idan ta tsaya gaban fasto. Matarsa ce ta fara tsayawa a wurin, kuma ta rasu.

Raina ya ɓaci. Na sami shugabar mata da maganar, ta ce, "To, da ka za mu riƙa yin waƙa?" Sai ka ce a gida ba da ka muke yi ba!

Zanen yana nan har yau. Tsohon ya daina zuwa, bencin ya zama nawa ni kaɗai.