Mai Askin da Yake Rage Rediyo

Duk unguwar an shaidi mai aski da kame baki. Tun yana saurayi yake cikin shagon nan mai madubi ɗaya da benci mai ƙafa uku da bulo, har furfura ta cim masa, ba a taɓa cewa ga maganar wani an ji daga bakinsa ba. Sahun gaba yake salla. Matarsa kan tsokane shi, wai mala'ikansa na hagu ya kusa mance rubutu.

Sai dai yana da wata ɗabi'a. Da zarar 'yan benci sun ɗauko zancen wani, sai ya miƙa hannu ya rage rediyo, ya kashe injin aski ya koma almakashi. Shi dai bai ce uffan ba, amma ko ɗigo ba ya wuce kunnensa, kuma daɗi yake ji.

Ran nan aka ɗauko zancen direban motar makaranta. Mai gidan da shagon ke ciki ne ya fara.

"Kun lura da idonsa kuwa? Jajir! Ni da idona na gan shi yana kurɓar wani abu a kwalba, ga yaran mutane cike da mota."

"Subhanallahi! Ashe shaye-shaye yake."

Mai aski ya san kwalbar. Maganin gyambon ciki ne, shi ne ma ya karanta wa direban yadda ake sha, a kan kujerar nan. Jan idon kuwa na jinya ne, mahaifinsa na kwance a asibiti, daga can yake wucewa aiki. Kalma ɗaya ta isa. Ya dubi mai gida ta madubi, ya ce a ransa, ina ruwana, ni dai ba na gulma. Ya ci gaba da rage gashi.

Maganar ta bi iyayen yara har ofishin shugaban makaranta. Aka karɓe makullin mota. Ko da mai aski ya yi ta maza ya je ya yi bayani, shugaban ya ce iyaye sun ƙi, an ma riga an ɗauki wani.

Tun daga nan sallarsa ta daina yi masa daɗi. Ya kabbara, sai kwalbar ta tsaya masa a gaba. Da liman ya karanto ayar cin naman ɗan'uwa, ya ji kunya ta rufe shi: wasu sun ci, shi ne ya shimfiɗa musu tabarma.

Wata safiya direban ya shigo, ya rame, ya ce a yi masa ƙwal, zai koma wajen ƙaninsa neman abin yi. Mai aski ya ɗaura masa zane, ya fara aski.

Da aka gama, direban ya kakkaɓe wuya, ya riƙe hannun mai aski da hannu biyu.

"Baba, duk waɗanda suka ci namana na ji sunansu. Kai kaɗai aka ce ba ka tofa ba. Allah ya yi maka yadda ka yi mini."

'Yan benci suka amsa da amin baki ɗaya. Mai aski ya tsaya da zane a hannu, amin ta ƙi fitowa.