Karen da Ya Yi Jinya a Rumbu

Cikin duk ranakun da na yi a bakin aiki, wadda ta ƙi barin raina ita ce ranar da Inna Dudu ta shigo asibitin dabbobi da kare a goye. Ƙarshen damina ne, a shekarun farko da Dutse ta zama babban birnin jiha. Ni a lokacin mataimaki ne. Ina riƙe dabba, ina yin allura, ina wanke ciwo, amma wuƙa ta Likita ce shi kaɗai. Aikinmu shanu ne da awaki, kare kuwa sai dai a kawo shi rigakafin hauka.

Dattijuwar Bafulatana ce daga wani ƙauye bayan duwatsu. Ta kwance zane ta ajiye shi a tebur, ɗan ƙaramin jan kare, bai fi ɗan akuya ba, ya ɗage ƙafar baya ta hagu. Ta ce sunansa Gajere, rami ya faɗa yana korar awaki daga gona. Na ɗanta Buba ne da zazzaɓi ya ɗauke bara, kuma tun daga ranar a ƙofar ɗakinta yake kwana.

Likita ya kama cinya da hannu ɗaya, ƙwauri da ɗaya, ya tura. Ƙashin ya zame gaba kamar durowar tebur. Saboda waɗanda ba su san aikin ba, bari in yi bayani. A cikin gwiwa akwai jijiyar da ke hana ƙashi zamewa, idan ta tsinke ba ta haɗewa. Ga ƙaramin kare, akan ɗaure gwiwar da zaren nailon mai kauri, ya riƙe ta har nama ya yi tauri ya karɓi aikin. Sai an tsare karen wata biyu, ba gudu ba tsalle. Haɗarin shi ne zafin yana tafiya tun kafin gwiwar ta yi ƙarfi.

Likita ya tambaye ta inda za ta tsare shi. Ta ce a ɗaki ba zai yiwu ba, nan take salla, amma rumbun Buba na nan babu komai a ciki. Likita ya yi murmushi ya ce ko a makaranta bai ga keji mai kyau kamar wannan ba.

Aikin ya yi kyau. Duk ranar da na fita rigakafin shanu da babur ɗin ofis, sai in biya in duba shi. Rumbun zana ne, ta yanke 'yar ƙofa a gindinsa, ta shimfiɗa masa buhu. Safe da yamma takan ɗauko shi ta fita da shi ya yi bayan gida, ta mayar. Kafin wata ya cika ya fara taka ƙafar.

Sai gero ya nuna. Wata rana Malam Jibo, ƙanin mijinta, wanda yake noma gonar Buba kuma yake riƙe da gidan, ya tare ni a ƙofar gida. Mun gaisa, sannan ya ce, "Malamin dabbobi, dammunana na zube a gona, gara na ci, ba inda zan zuba su sai rumbun nan. Kare kuwa ga shi yana takawa." Na yi masa bayanin zaren, na roƙe shi ya ƙara ko da wata guda. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce, "Geron nan shi zai ci da gidan nan, har da ita." Ba mugun mutum ba ne.

Inna ta fito da Gajere ta ɗaure shi a turke kusa da garke. Ranar da aka saki awaki cikin gonakin da aka girbe, ya gan su sun fita, ya zabura kamar yadda ya saba, igiya ta fizgo shi.

Ta sake zuwa da shi a goye. A lokacin an yi wa Likita canjin wurin aiki, wanda zai maye shi bai iso ba. Na gwada ƙafar hagu, zaren ya tsinke. Na gwada ta dama, wadda ta ɗauki nauyinsa duk tsawon jinyar, ita ma ƙashin ya zame. Ba ya iya miƙewa, sai ja da ciki.

Ta ce, "Ɗan nan, kada ka lallashe ni. Zai sake tsayawa?"

Na ce, "Inna, a nan babu mai iya yi masa aiki yanzu."

Ta daɗe tana shafa kunnensa. Daga baya ta tambaya ko akwai allurar da za ta hutar da shi. Na nemi izinin shugaban sashe, na yi. Ta naɗe shi a zanen ta sake goya shi, ta ƙi yarda in kai ta a babur.

Bayan kaka aiki ya sake kai ni ƙauyen. Na ga sabon rumbu a gefen na Buba. Ashe bayan an fitar da karen matan gidan sun ce ba za su daka hatsin da ya kwana inda kare ya yi jinya ba. Liman ya ce a share a wanke, babu laifi, amma suka ƙi. Malam Jibo ya sa aka yi sabo. Inna na zaune a inuwar tsohon, ta ɗaga min 'yar ƙofar ta ce, "Duba, har yau babu komai a ciki."

Abin da na ɗauka daga nan shi ne aikinmu ba a tebur yake ƙarewa ba, a gidan mutane yake ƙarewa, gidan kuma ba namu ba ne. Har na bar aiki, duk wanda ya ce min yana da wurin ajiye dabba, nakan tambaye shi wurin na wa ne, kuma yaushe mai shi zai buƙace shi. Inna Dudu ta rasu kafin damina ta zagayo. Allah Ya jiƙanta.