Lasifikokin Shugaban Ofishinmu

A shekarar da aka ja wutar lantarki zuwa unguwarmu a Haɗeja, ina ƙaramin akawu, ba abin da nake so kamar sauraron faifai. Na sayo garmaho mai aiki da lantarki daga Kano, amma lasifikarsa ƙarama ce, in aka sa kiɗan kalangu sai ka ce gwangwani ake bugawa. Ana cikin haka aka yi wa shugaban ofishinmu canjin wurin aiki, na ji yana sayar da manyan lasifikokin da ya zo da su daga Turai.

Mutum ne da ba a yi masa musu. Ga kuma takardar ƙarin girmana a kan teburinsa tana jiran sa hannu. Da na yi masa maganar lasifikokin, ya ce in je gida ranar Asabar da la'asar, ya ajiye mini su.

Da yayana na tafi. Ƙyanda ce ta ɗauke masa gani tun yana ƙarami, sana'arsa gyara wa masuntan bakin kogi koma, kuma duk danginmu an san kaifin kunnensa. Na goya shi a keke, faifan kalangu ɗaya na rungume a ƙirjinsa. A hanya na ce, "Yaya, duk abin da ka ji, ka bari sai mun fito."

Ya ce, "To me ya sa ka ɗauko ni?"

Na ci gaba da taka keken.

Gidan yana gefen fadama, cikin rukunin da ambaliya ta shiga da damina. Mun tarar da falo cike da akwatuna a ɗaure. Manyan lasifikokin biyu sun kai mini ƙugu, baƙin katako mai sheƙi, fuskarsu rufe da yadi. Can a lungu akwai wasu ƙanana guda biyu masu ruwan ƙasa, waɗanda shugaban ya ce da su zai tafi.

Ya sa faifansa, wani kiɗan Turawa mai sanyi. Sautin ya cika ɗakin. A raina na gama saye.

Yayana ya miƙa faifanmu ya ce, "Yallaɓai, a taimaka a sa mana wannan."

Shugaban ya ɗan ɓata fuska, amma ya sa. Kalangu na fara tashi yayana ya karkatar da kai. Ya ce in kai shi kusa da ta hagu. Ya durƙusa, ya dafa gefenta, ya bi da tafin hannu har ƙasa.

"Yallaɓai, ruwa ya taɓa wannan?"

Shugaban bai dube shi ba, ni ya duba. "Saye ka zo yi, ko mai bincike ka kawo mini gida?"

 Abin da ya fito daga bakina har yau ina jin kunyarsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, ba ya gani ne. Zan ɗauka."

Yayana bai tashi daga durƙuson ba. Ya ce, "Gaskiya ne ba na gani. Amma wannan tana ziza kamar ƙuda a kwalba, kuma katakonta na ƙasa ya kumbura. A ƙara murya a ji."

Shugaban ya murɗa da ƙarfi, don ya ƙaryata shi ina jin. Sai ga zizar ta fito fili, duk bugun kalangu tana biye da shi. Ya kashe garmahon. Ya shiga ciki, ni kuwa ina tsaye ina tunanin ko in ja yayana mu fita. Ya dawo da wuƙar cin abinci, ya ɓamɓare yadin fuskar. Ga shatin ruwa nan ya ratsa baƙar takardar da ke ba da sauti, gefenta ya yage kamar tsawon ɗan yatsa.

Ya duƙa ya duba. Can ya ce, "Ina Kano ruwan ya shigo. An ce mini bai kai nan ba."

Ko gaskiya ya faɗa ko a'a, ban taɓa sani ba.

Na ɗauka an gama, sai na ji yayana ya ce, "Ƙananan fa, ko za a bari mu ji?"

"Ba na sayarwa ba ne."

"Ji kawai, yallaɓai."

Shugaban ya haɗa su yana huci. Muka saurari fuskar faifan guda har ƙarshe. Ba su kai manyan ƙara ba, amma har numfashin mawaƙin kana ji kafin ya ɗauki baiti. Yayana ya ce, "Waɗannan lafiyarsu ƙalau."

"Na sani," in ji shugaban. Ya juyo gare ni. "Ka turo amalanke gobe da safe ka ɗauki ƙananan. In rana ta ɗaga na fasa."

Na tura, aka kawo su. Takardar ƙarin girmana kuwa ya tafi ya bar ta yadda take, sai bayan shekara wanda ya gaje shi ya sa mata hannu.

Abin da ya fi damuna a makon nan yayana ne. Ran da muka dawo, sirdin keken ya riƙe maimakon ƙuguna, kuma kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu. A rana ta huɗu na same shi a zaure yana ɗinkin koma, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ci gaba da aikinsa har ya kai ƙarshen layi, sannan ya ce, "Lasifikokin nan ka jingina su da bango ne, tun daga nan nake jin kiɗan a shaƙe. Tashi mu je a matso da su."