Rubutun Da Na Yi a Murfin Rijiya

Ina da shekara arba'in da bakwai na fara riƙe fensir da niyyar rubutu. Kafin nan abin da hannuna ya sani shi ne muciya da ludayi da wuƙar yanka albasa, don na daɗe ina sayar wa ma'aikata abinci a Garki, a gindin wata bishiya bayan ofisoshi. Da zumuntar mata ta cocinmu ta buɗe ajin yaƙi da jahilci, ni na fara zuwa, ni kuma na fi kowa yi wa malamar gardama. Wanda ya ji haka zai ɗauka abu na farko da na rubuta don idon jama'a addu'a ce, ko sunayen 'ya'yana. Ina! Abin kunya na rubuta, da jan fenti, da manyan baƙaƙe.

Gidanmu yana Jikwoyi. Maigidana direba ne, ya sami filin tun unguwar duk ciyawa ce da gonakin rogo. Da muka tare sai ya kira masu haƙar rijiya. Kowane gida a layinmu ya haƙa tasa, amma da zarar bazara ta kama, zafi ya sauko, sai ka ji guga yana dukan laka a ko'ina. Tamu kaɗai ba ta ƙafewa. Ban san dalili ba, masu haƙar ma ba su sani ba.

Ranar da ruwan ya fito, surukata ta zo daga Yangoji da doya a buhu. Tsohuwa ce ƙarama, ba ta da yawan magana. Ta durƙusa a bakin rijiyar ta yi addu'a mai tsawo da yarenmu, ta gode wa Ubangiji har ƙafafuna suka gaji da tsayuwa. Sannan ta ja gugan farko ta juye a bokiti, ta ce in kai wa maƙwabta.

Na ce, "Mama, mu da muka sha ranar nan, ko kurɓa ba mu yi ba?"

Ta ce, "Kai musu. In kin dawo kya sha."

Na kai, ina ƙunƙuni a hanya.

Daga nan tsakar gidanmu ta zama kasuwa. Gari na wayewa za ka ji ana buga get. Matan layi ne da bokitai da jarkoki da bahon wanki, 'yan Filato, 'yan Binuwai, Gwarawa, Inyamurai, kowa da irin Hausarta. Can ake jin wanda aka yi wa ƙarin girma a ofis, da wadda mijinta ya dawo a buge, da inda manja ya yi sauƙi. Wata ta tayar da waƙar coci, wata ta amsa da wani yare, guga na sauka yana hawa. Ni kuwa ina bakin murhu ina haɗa abincin da zan tafi da shi Garki, ina zazzaga musu masifa.

"Wa ya bar mini igiya a cikin taɓo? Ke, a gidanku haka ake yi?"

Su yi dariya su ce, "Ciyaman ta tashi! Ranki ya daɗe, Ciyaman ta rijiya!"

A lokacin gani nake suna takura mini. Yanzu da nake zaune ina tunawa, ban taɓa yin safiya mai daɗi irin waɗancan ba.

A cikinsu wadda na fi shaƙuwa da ita matar tela ce, gidansu na uku daga namu. Ni na riƙe ta ranar haihuwarta ta fari kafin a sami mota. Benci ɗaya muke zama a zumunta, zaninmu iri ɗaya. To, wata safiya ina bayan kicin ina tsince shinkafa, ba su gan ni ba, sai na ji wata amarya da ba ta daɗe da tarewa ba tana cewa, "Anti, ba za mu shiga mu gode wa Mama ba?"

Matar tela ta ce, "Mu gode mata da me? Ruwan Allah ne fa. Ita dai murfi ne nata, sai baki."

Aka kwashe da dariya.

Duk wanda ya san ni ya san da na fito na wanke ta tas a gaban kowa, da magana ta ƙare a nan. Amma ban fito ba. Na zauna da tire a cinya. Shekara goma sha biyu suna tattake mini tsakar gida, suna tsinka mini igiya, ashe abin da nake da shi murfi ne da baki?

Da na taso daga Garki a ranar, na biya kasuwa na sayi kwaɗo. Na ɗauko ragowar jan fentin da maigidana ya shafa wa get, na fasa bakin asuwaki ya zama buroshi. Na durƙusa a kan murfin ƙarfen, harshena a waje kamar yadda nake yi a aji, ina jan baƙi ɗaya bayan ɗaya. Ya ci mini fiye da awa guda. BA A ƊIBAN RUWA A NAN. Na koma baya na duba, ko kuskure ɗaya babu. Har wani daɗi na ji. Na datse murfin da kwaɗon.

Maigidana ya dawo ya tsaya a kai yana kallo, makullin mota a hannu.

"Malama," in ji shi, don haka yake tsokanata tun da na shiga aji, "rubutu ya yi kyau. Abin da aka koya muku ke nan?"

"Ga abincinka can, ka je ka ci."

"Zan ci. Mabuɗi yana hannunki, ni ba zan taɓa ba. Amma dai da Mama tana raye, da ban san inda za ki ɓoye fuskarki ba."



Washegari suka zo kamar kullum. Ina leƙe ta taga. Wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran, aka yi cirko-cirko, sannan suka juya ɗaya bayan ɗaya. Matar tela ce ta ƙarshe. Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakina, ta ɗauki bokitinta ta fita. Tsakiyar bazara ce. Masu hali suka koma saye a wurin 'yan ga-ruwa, marasa hali suka koma rafi, tafiya mai nisa da goyo a baya. Ina ganinsu suna wucewa ta ƙofar gidana, mu gaisa sama-sama.

Na ɗauka zan huta. Tsakar gida ta bushe, ba taɓo, ba hayaniya, igiyata a naɗe a ƙusa. Sai dai tun mako na farko na lura tuwo ya daina yi mini daɗi. In na zo addu'ar cin abinci, na kai wurin "mun gode maka," sai kalmar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi. A zumunta ni ke buga tulu, ni ke tayar da waƙa, muryata har bakin titi ake jinta. Yanzu in na buɗe baki sai iska. Mata suna tambaya ko mura nake yi. Ruwan rijiyar ma, da yake mu kaɗai muke ja, ya fara wani wari-wari na kwanciya.

Ana cikin haka fasto ya kira ni ya ce ranar bikin godiya ni zan yi karatu a gaban jama'a a madadin 'yan ajinmu, in kuma ba da shaidar abin da Allah ya yi mini. Abin da na daɗe ina mafarki ke nan, in tsaya a gaban ikilisiya in karanta Maganar Allah da idona. Amma ta yaya zan tsaya in ce na gode, matar tela tana zaune a benci na uku da kaushin hanyar rafi a ƙafarta? Na san ba zan iya ba. Na kuma san ba zan je in buɗe kwaɗon nan haka kawai a ce Ciyaman ta sauko ba. Kwanaki suna tafiya, ina nan tsakanin biyun.

Akwai wata tsohuwar Bafulatana mai tallan nono da ke zuwa daga rugarsu ta wajen hanyar Karshi. Inna muke ce mata. Duk sanda ta shigo layinmu, a gidana take sauke ƙwarya, ta sha ruwa, ta wanke ludayinta, ta yi alwala ta yi sallarta a gindin gwanda. An kwana biyu ba a gan ta ba, ashe ciwon ƙafa ta yi. Ranar wata Asabar da azahar, rana kamar ta fasa kai, sai ga ta tana ɗingishi. Na taimaka mata ta sauke. Leɓenta duk ya bushe.

Ta dubi rijiya ta ce, "A'a, uwar gida, an yi wa rijiya kwalliya! Wa ya yi wannan zane?"

"Ni ce, Inna."

"Ke? Kin iya boko yanzu? Masha Allahu! Da girmanki!" Ta tafa hannu, ta gyara zama a kan turmi kamar yarinyar da za a yi wa tatsuniya. "Karanta mini in ji abin da hannunki ya ce."

Ni da na taɓa riƙe kwalar wani oga a Garki don ya zagi abincina. Ni da ban taɓa jin nauyin faɗa wa kowa magana ba. Na dubi baƙaƙen, na dubi bakin tsohuwar nan. Rubuta shi bai yi mini wuya ba, amma in faɗe shi da bakina ga mai ƙishirwa, na kasa.

Na ce, "An rubuta... kowa ya ɗiba."

"Kai! Allah ya yi miki albarka. Magana mai kyau." Ta ɗan karkata kai. "To, kwaɗon fa?"

"Saboda awaki ne."

"Awakin birni har murfin ƙarfe suke ɗagawa?"

Na kwance mabuɗin daga bakin zanina na buɗe kwaɗon. Na zubar da guga biyu na sama, na ja na uku na miƙa mata a moɗa. Ta sha ta huta, ta ɗaga ido sama ta ce alhamdulillahi. Ta sake sha, ta sake faɗa. Sai da ta gama da Allah tukuna ta juyo ta ce, "Na gode, 'yata."

Ina tsaye da igiya a hannu abin ya faɗo mini. Tun ranar da surukata ta durƙusa a wurin nan, babu wanda ya sake gode wa Ubangiji saboda rijiyar nan a gidana. Ni da nake sha, nake girki, nake wanka da ita, ko sau ɗaya ban taɓa ba. Ina ta kumburi don ba a gode mini ba, alhali Mai ruwan yana ta ba ni bai kulle ba. Ga shi kuma na yi wa tsohuwa ƙarya da rana tsaka. Ko dai in zauna a maƙaryaciya, ko in mai da maganar gaskiya.

Inna tana salla na cika babban bokiti na ɗora a ka, na nufi gida na uku. Matar tela tana wanke-wanke da wani ɗan ruwa ja a kwano. Ta miƙe tsaye.

Na sauke na ce, "Na ji abin da kika ce ran nan. Murfi da baki."

Ta rufe fuska da zani. "Wayyo Mama, wasa ne fa, wallahi wasa nake yi."

"Wasa ko ba wasa ba, gaskiya kika faɗa. Ruwan Allah ne. Sai dai ki sani bakinki ya fi nawa tsawo."

Ta fashe da kuka da dariya a haɗe. "Ki yafe mini, Mama."

"Ke ma ki yafe mini. Ɗauko jarkokinki, ki kuma gaya wa sauran gulmammun."

Da la'asar ni da ita muka durƙusa da kananzir da soson ƙarfe muna kankare fenti. Bai fita duka ba. A kansa na rubuta KOWA YA ƊIBA, a ƙasa na ƙara MUN GODE WA ALLAH. Maigidana ya dawo ya tarar da tsakar gida ta koma taɓo, ya ce, "Malama, yau kam an ci jarrabawa." Ina jan guga ban san lokacin da waƙa ta fito daga bakina ba.

Ranar godiya na yi karatuna da in'ina, yatsana yana bin layi. Da aka zo shaida na faɗi komai, har da awakin. Coci ta ɗauki dariya, matar tela ta rangaɗa guɗa daga benci na uku. Ban taɓa jin zuciyata sakayau irin na ranar ba.

Yau layinmu ya canza. Kusan kowa ya yi bohol da tanki, katangu sun yi tsawo, maƙwabci ba ya sanin maƙwabci. Maigidana ya tafi wurin Ubangiji. Matar tela sun koma garinsu, sai dai waya. Inna kuwa wata shekara ta daina zuwa, ban kuma san wanda zan tambaya ba. 'Ya'yana sun ce in cike rijiyar, na ce su jira sai na mutu.

Kowace safiya ina buɗe get. In ja gugan farko, in tsaya in gode, in ajiye shi a bakin ƙofa. Masu ɗiba sun ragu, sai 'yan acaɓa da leburorin gini da wasu mata daga sabbin ɗakunan haya na bayanmu. Fentin ya koɗe, in ka duba da kyau za ka ga inuwar tsohon rubutun a ƙarƙashi, ba na kuma so ta ɓace. Jiya ma wata ta bar mini igiya a cikin taɓo. Na yi mata tas, ta tafi tana dariya, yau da safe ta dawo da ƙawarta.