Ƙanwar Igiyar Baba Samson

"Na gaya miki ba laifin agogo ba ne," in ji Malam Lawal. "Ga naki, ga nawa. Duka biyun daƙiƙa sha ɗaya da ɗigo takwas suka nuna."

"Shi ya sa na ce ka dakata. Kada ka rubuta tukuna."

"Malama Miriam, tsakaninki da Allah, da ma nawa yarinyar nan take yi a mita ɗari?"

"Sha uku. In ta ci tuwo ta ƙoshi, sha biyu da ɗigo tara."

"Yau kuma sai ta zama iska, ko takalmi babu?"

Miriam ce malamar wasanni a wannan makaranta ta Romi. Lawal kuwa daga cikin gari, tsallaken gada, ya zo, an turo shi ya zaɓi yaran da za su je sansanin horo na jiha. Can tsakiyar fili 'yan gidan Kore, rukunin wasanninta, sun ɗaga Damaris, yarinyar da ta yi gudun, suna ihu, wai ta kafa tarihi. Lokacin da ake wannan ihun Miriam ta zame, ta taka layin gudun tun daga farko har ƙarshe tana ƙirgawa a zuci. Sau biyu ta taka. Layin bai kai mita ɗari ba.

Kuma kowa ya san wanda ya auna shi.

Baba Samson Ayuba yana zaune a rumfar manyan baƙi, cikin farin wando da farar riga, usur rataye a wuyansa. Shekarunsa tamanin da biyar. Yau makarantar za ta karrama shi, har fasto ya zo, ga 'yan zumuntar mata sun yi anko. Shugaban makaranta kuwa tun bara yake cewa tsohon nan ya kamata ya huta, a bar wa masu tef aikin awo. Miriam ce ta tsaya kai da fata aka ƙyale shi.

"Ina da tef a mota," in ji Lawal. "In na ɗauko shi, a gaban jama'a zan auna. Ni ma ɗalibinsa ne, kin sani. Amma ba zan kai yarinya sansani da lokacin ƙarya ba, a je can a yi mata dariya. Na ba ki minti goma."

Miriam ta nufi rumfar.

A wani ƙauye kusa da Zonkwa aka haifi Baba Samson. Ya sha ba su labarin yadda yake zuwa makarantar mishan a guje, mil huɗu, don kada a rufe ƙofa. Daga kwalejin horon malamai ya fito da takardar shaida da wata igiya mai kauri, yadi ɗari cif, wadda malaminsu ya sa kowane ɗalibi ya auna ya yanka da hannunsa. Da ita ya fara shata fili a Kakuri, lokacin da 'ya'yan ma'aikatan masaƙa suka cika azuzuwa: Bajju, Tibi, Hausawa, Angas, duk a layi ɗaya. Bai taɓa dukan yaro ba. Horonsa guda ne, zagaye fili, kuma shi ma sai ya bi ka ku zagaya tare, yana tambayarka ko ka karya kumallo. Sauran malamai suna yi masa ba'a, wai darasinsa tsalle-tsalle ne. Shi dai yakan yi murmushi ya ɗauki bokitin farar ƙasa.

Miriam ta zo hannunsa gab da zai yi ritaya. Babanta ya ce 'yarsa ba za ta sa gajeren wando a bainar jama'a ba. Sau uku Baba Samson ya je gidansu a kan keke. A na ukun ya tafi da matarsa, Mama Rebecca, wadda ta ɗinka wa Miriam wando har gwiwa. Da masaƙu suka rufe, mutane suka watse, shi ya dawo Romi ya gina ɗaki biyu. Shekara ashirin da wani abu ke nan da ritayarsa, amma duk shekara shi ke shata filin nan, bai taɓa fashi ba.

Miriam ta durƙusa kusa da kujerarsa.

"Baba, sannu da zama."

"Miriam! Kin ga ɗalibarki? Na ce miki yarinyar nan tana da ƙafa."

"Na gani, Baba." Ta rage murya. "Baba, jiya da kuka auna layin mita ɗari, wa ya riƙe muku igiya?"

"Wa zai riƙe? Turke na kafa, kamar kullum." Ya dube ta da kyau. "Me ya faru? Fuskarki ba daidai ba."

"Na taka layin ne, Baba."

"Sai aka yi yaya?"

Lasifika na ta kiran 'yan tsallen nisa. Shugaban makaranta, kujera biyu tsakaninsu, ya juyo yana kallonsu.

"Igiyata ba ta ƙarya," in ji Baba Samson. Muryarsa ta ɗan tashi. "Na ja ta har ƙarshe, na kafa turke, sannan na ɗaura ƙanwar—"

Sai ya juya ya kalli layin gudun.

Miriam ta san ƙanwar. Duk wanda ya bi ta hannunsa ya san ta. Lokacin da aka daina awo da yadi aka koma mita, an ce ya jefar da igiyarsa. Ya ƙi. Sai ya yanko wata gajeriya, yadi tara da 'yan kai, yana ɗaura ta a bakin babbar, su cika mita ɗari. Yara suka sa mata suna ƙanwa. Babbar tana zama a buhu, ƙanwar kuwa a rataye bayan ƙofar ɗaki, don kada su cukurkuɗe.

Baba Samson ya dawo da kallonsa kan Miriam.

"Tana bayan ƙofa," ya ce a hankali. "Rebecca ce ke miƙo mini ita. Duk shekara, in na kai bakin ƙofa, sai ta ce, Malam, ka manta da ƙanwa."

Da daminar da ta wuce aka binne Mama Rebecca.

"Baba, bari in ce ni ce na matsar da layin da safe," in ji Miriam da sauri. "Ba wanda zai sani. A karrama ku lafiya, a tashi."

"Ki yi ƙarya a filina?"

"Shugaba zai ce—"

"Ya ce. Ɗaga ni."

Ta kama shi ya miƙe. Daga nesa ta hango Lawal ya buɗe bayan motarsa. Baba Samson ya taka har teburin lasifika, ya karɓi makirfon daga hannun mai sanarwa, ya busa usur sau ɗaya. Fili ya yi tsit.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Ni Samson Ayuba na auna layin nan jiya, kuma na yi kuskure. Yadi ɗari na auna, ba mita ɗari ba. An soke gudun. Laifina ne, ba na malamai ba, ba na yaran ba."

Surutu ya kaure. Wani daga cikin iyaye ya ɗaga murya, "Haba, tsufa ai ba wasa ba ne!" 'Yan gidan Kore suka sauke Damaris. Ta taho tana huci, hawaye na zuba.

"Baba, yanzu duk gudun da na yi a banza ke nan?"

"Na cuce ki, 'yata. Ki yafe mini. Je ki sha ruwa kaɗan, ki zauna a inuwa, ki miƙe ƙafafu. Abin da kika yi anjima in an sake gudun, shi ne naki."

Ta share fuska da rigarta, ta juya, amma inuwar ta nufa.

Lawal ya ƙaraso da tef a hannu, ya rusuna. "Baba, barka da rana."

"Wa nake gani? Lawal mai tafiyar agwagwa? Har yanzu kana buɗe ƙafa in kana gudu?"

"Na daina gudu, Baba. Tumbi ya hana."

"To kama bakin tef ɗin nan, ka yi wani amfani."

Shugaban makaranta ya taso yana gyara babbar riga. "Baba, ai da kun zauna. Lokacin karramawa ya yi, baƙi na jira."

"Su jira, ranka ya daɗe. Kuma maganar da kake yi tun bara, na ji ta yau." Ya juyo wajen Miriam. "Baɗi ke za ki auna. Ki zo gida ki karɓi igiyoyin, ko ki yi da tef, duk wanda kika ga dama."

"Baba..."

"Amma na yau ni na ɓata. Ina kuka ajiye bokitin farar ƙasa?"

"Yana bayan ofis."

Ya miƙa mata makirfon, ya dogara sandarsa, ya nufi bayan ofis.