Gwadon Wancan

Ni ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wancan" take ce mini, ko tuwo za ta miƙo mini sai ta kawar da kai. Na san kunyar ɗan fari ce, amma sanin bai hana abin ci mini rai ba. Ƙanena kuwa har ya yi gemu ana cusa masa ƙuli-ƙuli a aljihu.

Shekarar da za mu bi ayari daga Gwaram zuwa Azbin sayo gishiri, tun Turawa ba su zo ba, Inna ta daɗe tana kaɗi. Ta aika da zaren zuwa Birnin Kudu, masaƙi ya yi mata gwado mai kauri, baƙi da fari. Ranar tashi ta fito da shi a gaban jama'a, ta wuce ni kamar ta wuce turmi, ta ɗora wa ƙanena a kafaɗa, ta yi masa raɗa. Ni addu'a kawai na samu, ita ma ta kowa da kowa ce.

Ashe sanyin garinmu wasan yara ne. A cikin duwatsun can, da asuba sai ka girgiza salka ka ji ruwan yana ƙara kamar tsakuwa. Taimama muke yi. Leɓe ya tsage, faso ya buɗe baki, man shanun da muke shafawa ya ƙare. Kashin raƙumi muke tsinta mu hura wuta, Buzayen da ke ja mana gaba suka koya mana binne garwashi a yashi mu kwanta a kai. Ni dai jikin jakina nake raɓa, don shi bai san ɗan so ba.

Kullum na buɗe ido sai in ga gogan naɗe cikin gwado, har da minshari. Wallahi kishinsa ya fi sanyin cina. Sau biyu yana cewa, "Yaya, ga gefe." Na ce, "Riƙe abinka, ɗan gatan Inna." Girman kai rawanin tsiya, na kuwa naɗa shi da kyau.

Wata safiya yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa. Na ɗaure wa jakina mangala sako-sako, ba mu yi nisa ba ta zame, gero ya watse a yashi. Madugu, shugaban ayarin, ya wanke ni tas a gaban mutane. Ƙanena ya durƙusa yana taya ni tsinta, gwadon na jan ƙasa. Nan na fashe.

"Tashi ka ba ni wuri! Kai da uwarka ta lulluɓe, me ka sani? Ni ai tsintata aka yi."

Ya miƙe, ya cire gwadon, ya wurga mini a ƙirji.

"Ka san raɗar da ta yi mini? Cewa ta yi, in kun haye rafi ka ba wancan, shi ne mai jin sanyi tun yana goye."

Da ƙyar na ce, "To me ya hana ka ba ni?"

"Wata nawa ina kallonta tana kaɗi, na ɗauka nawa ne. Ni sunana kawai take kira, Yaya. Ko zaren ɗinki ba ta taɓa kaɗa mini ba."

Daga ranar tare muka riƙa lulluɓa, baya da baya, kowa na jan gefensa.

Da muka dawo gida, Inna ta ga gwadon a kafaɗata, ta kawar da kai kamar yadda ta saba. Ta dubi ƙanena ta ce, "Wancan bai ji sanyi ba ko?"

Ya kalle ni, idonsa ya yi zuru-zuru. Na riga shi amsawa, ina duban ƙasa.

"Ko kaɗan, Inna. Tun a bakin rafi ya ba ni."